Shata Iyaka a Kan Teku: Abin da Lobsta Ta Nuna a Tsibiran Kalifoniya

A gaɓar kudancin jihar Kalifoniya ta Amurka, daura da birnin Santa Barbara, akwai jerin tsibirai da ake kira tsibiran Channel. A shekarar 1980 gwamnatin tarayya ta ayyana ruwan da ya kewaye biyar daga cikinsu, wato San Miguel da Santa Rosa da Santa Cruz da Anacapa da Santa Barbara, a matsayin mafakar halittun teku, tun daga bakin gaɓa har zuwa mil 6 na teku, faɗin da ya kai murabba'in mil 1,470. Abin da ya tunzura mutane suka nemi wannan kariya shi ne malalar ɗanyen mai ta watan Janairun 1969, lokacin da wata rijiyar mai da ke cikin mashigin da ke tsakanin tsibiran da gaɓa ta fashe, mai ya yi ta kwarara har ya baƙanta gaɓa, ya kashe dubban tsuntsayen ruwa. Bayan shekara uku, a 1972, majalisar dokokin ƙasar ta zartar da dokar da ta ba gwamnati ikon kafa irin waɗannan mafaka.

Dokokin mafakar sun hana sabuwar haƙar mai, sun hana zubar da ƙazanta da tona ƙasan teku, amma ba su taɓa sana'ar su ba. Jiragen masunta sun ci gaba da aikinsu a ciki kamar da, kuma cikin shekara 20 da suka biyo baya arzikin ruwan ya ci gaba da raguwa a idon kowa. Dodon koɗin teku da ake kira abalon, wanda a da ake kwasa da yawan gaske, ya yi ƙaranci har jihar ta rufe kamunsa a kudu a 1997, kuma a 2001 aka saka farin nau'insa cikin jerin halittun da ke gab da ƙarewa. A 1998 wasu masu kamun kifi na nishaɗi, waɗanda suka daɗe suna zuwa tsibiran har suka ga bambancin jiya da yau, suka kai buƙata gaban hukumar kifi da namun daji ta jihar cewa a rufe wani kaso na ruwan ruf, kada kowa ya ɗauki komai. Yana da kyau a lura cewa masu kama kifin ne suka fara ta da maganar, domin sau da yawa ana ba da labarin kamar masana ne suka sauko daga jami'a suka ƙwace wa masunta wurin cin abinci.

Hana su a wani yanki na ruwa domin kifi ya huta ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe, tunda a Argungu akan kiyaye Matan Fada a ƙarƙashin kulawar Sarkin Ruwa har ranar biki ta zo. Sai dai kogi yana da gaɓa biyu da kowa ke gani, kuma masunta sun san kowane gurbi da ke cikinsa. Teku kuwa shimfiɗa ce guda a ido, abin da ke ƙasansa a ɓoye yake, saboda haka tambayar da ta fi wuya ita ce a ina za a ja layin, kuma da wane ilimi.

An kafa kwamitin da ya haɗa masuntan kasuwa da masu nishaɗi da masu fafutukar kare muhalli da jami'an gwamnati, ya yi ta zama daga 1999 zuwa 2001. Masanan da ke ba kwamitin shawara sun ce a rufe tsakanin kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari na kowane irin mazaunin halittu. Masunta suka ga wannan a matsayin yanke musu hanyar abinci, kwamitin kuma ya watse ba tare da an daidaita a kan taswira guda ba. Hukuma ce ta yanke hukunci a watan Oktoban 2002, haramcin ya fara aiki a ruwan jiha a watan Afrilun 2003, sannan aka miƙa shi zuwa ruwan tarayya a 2006 da 2007, domin ikon jiha a mil 3 na teku ya tsaya. A yau akwai yankuna 13, guda 11 an hana kamun komai a cikinsu, 2 kuma an bar wani ɗan kamu, kuma gaba ɗaya sun kai kusan kashi 21 cikin ɗari na mafakar.

Daga cikin halittun da aka sa wa ido domin a ga ko wannan mataki ya yi amfani, babu wadda ta fi lobsta ba da amsa a sarari. Lobsta babbar 'yar'uwar jatan lande ce, mai ɓawo mai tauri da dogayen gashin baki biyu masu kauri. Nau'in da ke Kalifoniya ba shi da manyan ƙahonin damƙa irin na lobstar Tekun Atlantika. Ƙayoyin da ke jikinsa ne makaminsa, kuma ana samunsa daga kudancin jihar har zuwa gaɓar Baja ta ƙasar Meziko. Da rana takan laɓe a cikin tsagar duwatsu da ƙananan koguna, sau da yawa su da yawa a rami guda, ba abin da ake gani sai gashin bakin da suka miƙo waje. Da dare ne take fita kiwo, tana cin dodon koɗi da kumbar teku da bushiyar teku. Wannan ɗabi'a ta zama kusa da gida ita ce ta sa haramci ke yi mata aiki. Kifi irin tuna zai ratsa yankin da aka keɓe cikin sa'a guda ya faɗa koma a waje, amma lobstar da ta samu rami mai kyau tana iya yin shekaru a kusa da shi.

Sana'ar kama ta kuma tana da tsari mai tsauri tun kafin a yi maganar haramtattun yankuna. Lokacin kamu yana farawa a farkon Oktoba ya ƙare a tsakiyar Maris, domin a bar ta ta yi ƙwai da bazara. Tarkon kejin waya ne mai kusurwa huɗu, a sa masa ragowar kifi a matsayin koto, a nutsar da shi kusa da dutse, a ɗaura masa igiya da balan-balan mai ɗauke da lambar mai shi. Dole ne a bar wata 'yar taga a jikin kejin domin ƙanana su fice, kuma dole ne a sa wani maɗauri da zai ruɓe idan tarkon ya ɓata, don kada ya zauna a ƙasan teku yana kisa ba mai amfana. Idan an jawo tarko, masunci yakan ɗauki kowace lobsta ya ɗora ma'aunin ƙarfe daga bayan kwarmin idonta zuwa ƙarshen ɓawon gadon bayanta. Idan ba ta kai inci 3 da kwata ba, ruwa za ta koma nan take. Tun 2017 kuma kowane lasisi tarko 300 kawai yake da shi. Mafi yawan abin da aka kama da rai ake fitar da shi zuwa kasuwannin Asiya, musamman ƙasar Sin, abin da ya sa farashinta ya yi tsada, ya kuma sa kowane dutse mai lobsta ya zama dukiya.

Wannan tsari ya hana lobsta ƙarewa, amma yana da wata illa da ba ta fitowa a alƙaluman kamu. Tunda duk wadda ta kai ma'auni tarko na jiranta, kaɗan ne ke tsira su yi girma sosai. Babbar mace tana iya ɗaukar ƙwai sama da rabin miliyan a ƙarƙashin jelarta, ninkin-ba-ninkin abin da ƙarama ke ɗauka, kuma babbar lobsta ce ke da ƙarfin kife babbar bushiyar teku ta fasa ta ta ƙasa inda ƙaya ba ta da yawa. Ruwan da ke cike da ƙananan lobsta yana iya ciyar da masunta shekara da shekaru, alhali aikin da manyan ke yi a ƙasan teku ya tsaya.

Aikin nan ya shafi kurmin da ke ƙarƙashin ruwa. A gaɓar Kalifoniya akwai wata doguwar ciyawar teku da ake kira kelf, wadda ke kafa gindi a jikin dutse ta miƙe har saman ruwa, tsawon da kan wuce mita 30, kuma idan yanayi ya yi mata daɗi tana iya ƙara kusan rabin mita a rana guda. A cikin inuwarta ɗaruruwan nau'in kifi da sauran halittu suke zaune. Bushiyar teku tana cin kelf. Idan akwai masu farautarta, takan ɓuya a rami ta wadatu da ganyen da ya karye ya faɗo mata. Idan babu su, sai ta fito fili da yawa ta gwaguye gindin ciyawar, kurmin ya tashi, a bar dutse tsirara. A da akwai karen ruwa na teku da ke rage ta, amma masu fataucin fata sun kawar da shi daga wannan yanki tun ƙarni na 19, aikin ya rage wa lobsta da wani kifi mai ƙarfin haƙori. A arewacin tsibirin Anacapa akwai wani ɗan yanki da aka hana su tun 1978, kuma bayanan da ma'aikatan gandun ƙasa ke tattarawa tun 1982 sun nuna cewa a can lobsta ta fi yawa, bushiyar ta fi ƙaranci, kurmin kuma ya fi dawwama idan aka kwatanta da wuraren da ake kamu.

Bayan rufewar 2003, masana na Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Barbara sun yi abin da ya dace, suka haɗa gwiwa da masuntan lobsta kansu, aka yi amfani da jiragensu da tarkunansu da saninsu na wuraren. An dasa tarkuna ciki da waje, an auna abin da aka kama, an maƙala wa dubbai alama an sake su. Sakamakon da aka wallafa a 2012 ya nuna cewa cikin 'yan shekaru kaɗan abin da tarko ke kamawa a cikin haramtattun yankunan ya ninka sau 4 zuwa 8, kuma lobstar da ke ciki ta fi girma. An kuma lura cewa yawanta yana raguwa idan aka matso bakin iyaka daga ciki, alamar cewa wasu suna ƙetarewa waje suna faɗawa tarko.

Wannan tumbatsa zuwa waje ita ce alƙawarin da aka yi wa masunta, kuma a kanta aka fi jayayya. Wani bincike da masani Hunter Lenihan da abokan aikinsa suka fitar a 2021, game da yankuna biyu da aka rufe a 2012 a gaɓar Santa Barbara, ya gano cewa duk da masunta sun rasa kashi 35 cikin ɗari na wurin kamu a wannan shiyya, jimillar abin da suka kama ta ƙaru da kashi 225 cikin ɗari bayan shekara 6. Masu goyon bayan haramci suna yawan ambaton wannan adadi, kuma suna da hujja. Amma binciken ya ƙara da cewa yawan tarkunan da aka zuba a wurin shi ma ya ƙaru, abin da kowane tarko ke kamawa kuwa bai ƙaru fiye da na sauran wurare ba. Ma'ana, ruwan ya iya ɗaukar ƙarin masunta ba tare da ya gaza ba, wanda babbar nasara ce, sai dai hakan bai tabbatar da cewa kowane mutum guda ya ga ƙari a aljihunsa ba. Wanda dutsen da ya gada daga mahaifinsa ya faɗa cikin layi, ya koma yana gogayya da wasu a bakin iyaka yana kuma ƙona ƙarin mai, asararsa gaskiya ce ko da jimillar kamu ta haura. A ganina duk mai son a ƙara irin waɗannan yankuna bai kamata ya ɓoye wannan ba, domin yardar masunta ce ke riƙe haramcin a wuraren da jirgin sintiri ba ya zuwa kullum.

Batun kurmin kelf ma bai zo daidai yadda aka zata ba. Wani nazari na 2021 da ya duba bayanan shekara 15 a tsibiran bai ga cewa kelf ya ƙaru a haramtattun yankunan gaba ɗaya ba. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne jar bushiyar teku ita ma ana kama ta ana sayarwa, don haka haramcin ya kare mafarauci ya kuma kare abin farauta. Wani dalilin kuma yanayin ruwa ne. Tsibiran yamma irin su San Miguel suna cikin igiyar ruwa mai sanyi da ke gangarowa daga arewa, lobsta ba ta da yawa a can ko an hana kamu ko ba a hana ba, yayin da Anacapa ta gabas ke cikin ruwa mai ɗumi. Doka guda ce, amma ta sauka a kan teku iri biyu.

A nan ne muhimmancin taswira ke fitowa. Idan aka ja layi ya kewaye murabba'in mil 20 na yashi zalla, za a rubuta shi a rahoto a matsayin yankin da aka kare, amma lobsta ba ta da ramin da za ta shiga a ciki. Haka kuma idan aka kwatanta yanki mai duwatsu da aka rufe da yanki mai yashi da aka bari, za a ga bambanci babba a ɗora shi a kan haramci alhali ƙasan tekun ne ya jawo shi. Lokacin da jihar ta tashi shimfiɗa tsarin a dukkan gaɓarta a ƙarƙashin dokar 1999 ta kare rayuwar teku, yunƙuri biyu na farko sun ci tura, ɗaya saboda fushin jama'a da suka ga an zana taswira ba da su ba, ɗaya kuma saboda rashin kuɗi. Sai daga 2004 aka sake salo, aka bi gaɓar shiyya-shiyya, kuma a 2007 aka fara wani babban shiri na auna ƙasan tekun jihar, wanda hukumar binciken ƙasa ta Amurka da Jami'ar Jihar Kalifoniya ta Monterey Bay suka yi ruwa da tsaki a cikinsa.

Yadda ake awon abin sha'awa ne. A ƙasan jirgi ake ɗaura na'urar da ke harba sauti ƙasa a baje kamar mafici, ɗaruruwan zaruruwa a lokaci guda, ta kuma saurari dawowarsu. Tunda sauti yana tafiyar kusan mita 1,500 a daƙiƙa a cikin ruwan teku, lokacin da ya ɗauka ya je ya dawo shi ke ba da zurfi. Ƙarfin amsa-kuwwar kuma yana nuna irin ƙasan, domin dutse yana maido da sauti da ƙarfi, laka kuwa tana shanye shi. Jirgin yakan yi ta kai da komo a jere, kowane zagaye ya ɗan hau kan na baya don kada a bar giɓi, ana kuma gyara lissafin saboda tangaɗin jirgi da hawa da saukar ruwa da bambancin zafi. Bayan haka sai a saukar da kyamara a ja ta a ƙasa, a tabbatar cewa abin da na'ura ta kira dutse dutse ne. A ruwa mara zurfi akan yi amfani da hasken leza daga jirgin sama, faɗin kurmin kelf kuwa ana bibiyar sa ta hotunan tauraron ɗan'adam na Landsat da aka tara tun daga 1984.

Duk da haka akwai wani siririn zirin ruwa da ke bin bakin gaɓa, daga inda igiya ke fashewa zuwa zurfin kusan mita 10, wanda ya daɗe yana fitowa fari a taswira. Jirgi ba ya iya shiga saboda duwatsu da igiya da kelf da ke naɗe farfela, hasken leza kuma ba ya ratsa kumfa da gurɓataccen ruwa. Wannan ziri yana da muhimmanci ga lobsta fiye da yadda faɗinsa ya nuna. Bayan ƙwai ya ƙyanƙyashe, 'ya'yan, waɗanda suke fale-fale kuma garai-garai kamar gilashi, sukan yi watanni da dama igiyar ruwa tana yawo da su nesa da gaɓa, sannan su dawo su sauka a cikin ciyawar da ke wannan ruwa mara zurfi, a nan su yi ƙuruciyarsu. Ke nan wurin renon yana cikin inda taswira ta fi rauni.

Akwai taswira ta biyu, wadda babu na'urar da ke zana ta, ita ce ta wuraren da masunta ke samun abinci. Masunci ba ya son bayyana dutsensa, kuma yana da dalili, tunda abokin gogayya zai iya ji, hukuma ma za ta iya cewa ga inda ya kamata a rufe. Ƙungiyar Ecotrust da aka ɗora wa aikin ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ta ce kowa ya zana wuraren kamunsa, sannan ya ɗauka yana da kwabo 100 ya rarraba su gwargwadon darajar kowane wuri a wurinsa. Aka haɗa amsoshin ba tare da sunan kowa ya fito ba. Daga nan, a shiyyar kudu, wakilan ɓangarori suka samu wata manhaja mai suna MarineMap, inda mutum zai ja layi a kwamfuta nan take ya ga yawan dutse da kelf da ya kama da kuma kason kuɗin shigar masunta da zai taɓa. Masana sun ba da ƙa'ida cewa kowane yanki ya kai aƙalla murabba'in mil 9, an fi so ya kai 18 zuwa 36, kuma tazarar da ke tsakanin yankuna ta kasance kilomita 50 zuwa 100 domin 'ya'yan halittu da igiya ke ɗauka su iya isa daga wannan zuwa wancan. Jami'an tsaro kuma suka nace a ja layuka miƙaƙƙu da suka dace da alamomin gaɓa, don masunci da mai sintiri su san iyaka ba tare da gardama ba. Zuwa ƙarshen 2012 an kammala yankuna 124, kusan kashi 16 cikin ɗari na ruwan jihar, ko da yake kusan kashi 9 ne kawai aka hana kamu gaba ɗaya.

Dalilin nacewa a kan girma ya fito fili a ƙasar Niyu Zilan. Yankin Leigh da aka rufe a 1975 yana cikin na farko-farko a duniya, kuma a can an ga lobsta ta yawaita, kelf ya dawo kan duwatsun da bushiya ta share. Amma yadda aka shata shi da farko, faɗinsa kusan murabba'in kilomita 5 ne, iyakarsa ta waje kuma mita 800 ce daga gaɓa. Manyan lobsta sukan fita zuwa shimfiɗar yashi mai zurfi kiwo a wasu lokutan shekara, su tarar da tarkuna a jere, kuma da kamu ya tsananta a waje sai yawansu a ciki ya faɗi ƙwarai. An kare ramin kwanansu, an bar hanyar kiwonsu a waje.

A watan Disamban 2022 ƙasashen duniya sun amince a birnin Montreal na ƙasar Kanada cewa za su kare kashi 30 cikin ɗari na teku nan da 2030. Zuwa 2024 kusan kashi 8 ne ke ɗauke da sunan kariya, wanda aka kare da gaske kuwa bai kai kashi 3 ba, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai na ƙasan tekun duniya aka auna da na'urorin zamani. Abin da nake tsoro shi ne gaggawar cika adadi ta sa gwamnatoci su riƙa zaɓar ruwa mai nisa da ba wanda ke kamu a cikinsa, tunda rufe shi ba ya jawo rigima da kowa, su bar duwatsun bakin gaɓa inda halittu da masunta suka fi cunkushewa.

Kalifoniya ita kanta ba ta gama da batun ba. Zafin ruwan da ya mamaye gaɓarta daga 2014 zuwa 2016, tare da cutar da ta kashe tauraron teku mai cin bushiya, sun lalata sama da kashi 90 cikin ɗari na kurmin kelf a wasu sassan arewa, ciki da wajen haramtattun yankuna, kuma halittun ruwan ɗumi suna matsawa arewa alhali layukan suna nan inda aka ja su. Jihar ta fitar da bitar shekara 10 ta tsarin a farkon 2023, daga bisani kuma aka shigar da buƙatu 20 gaban hukuma, wasu na neman a faɗaɗa yankuna ko a kafa sababbi, wasu kuma na neman a sassauta haramcin a bar masunta su kama kifin da ke ratsawa kawai.